Shanyewar ɓarin jiki: abin da bincike ya gano a ƙasarmu, da abin da za a yi wa Baba yanzu

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekararsa 58. Mako biyar da suka wuce ya dawo daga sallar asuba sai bakinsa ya karkace, hannu da ƙafar dama suka saki, magana ta ƙi fita. A asibiti aka auna jininsa aka samu 210/120, hoton ƙwaƙwalwa kuma ya nuna jijiya ce ta toshe. Yanzu yana gida, jinin ya sauka, ya ce zai ajiye maganin. Wasu dangi na cewa shafar iska ce. Ni shekarata 34. Ana gadon wannan ciwo? Zai iya dawo masa? Sannan 'yar yayana mai shekara shida tana da sikila, an ce ita ma yana iya kama ta.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ce.

Abu na farko, ka lallashi Baba kada ya ajiye maganin nan. Jinin bai sauka don hawan jinin ya warke ba, maganin ne ke danne shi, kuma ranar da aka daina sha, cikin 'yan kwanaki zai koma inda yake ba tare da Baba ya ji komai a jikinsa ba. Yawancin masu hawan jini ba sa ciwon kai, ba sa jiri, suna cinikinsu lafiya lau da jini 180. Ga wanda ciwon ya taɓa kamawa kuwa haɗarin ya fi girma: idan aka tattara binciken ƙasashe daban-daban, wajen mutum ɗaya cikin goma ciwon yakan dawo masa a shekarar farko, ɗaya cikin huɗu kuma kafin a cika shekara biyar. Na biyun yakan fi na farko muni, domin ya tarar da ƙwaƙwalwar da ta riga ta yi rauni. Wani babban gwaji mai suna PROGRESS da aka fitar a 2001, wanda aka yi a kan mutum sama da 6,000 da suka taɓa samun ciwon, ya nuna maganin rage hawan jini ya rage dawowarsa da kashi 28 cikin 100, waɗanda aka haɗa musu magani biyu kuma ragin ya kai kashi 43.

Maganar iska kuwa, hoton da aka ɗauka ya riga ya amsa ta. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, kuma a wajen mafi yawan mutane cibiyar magana ma a hagun take. Shi ya sa hannun dama, ƙafar dama da harshe suka tafi tare a lokaci guda: jijiya ɗaya ce ke shayar da wurin duka. Aukuwarsa da asuba ma ba abin mamaki ba ne, domin jinin ɗan Adam yakan yi sama ne a sa'o'in farko bayan tashi daga barci, kuma an daɗe da lura cewa ciwon ya fi faruwa da safe. Addu'a da tofi ba su hana shan magani ba, a haɗa su. Abin gudu shi ne a ajiye ƙwaya a koma turare da hayaƙi.

Ciwon iri biyu ne. Ko dai gudan jini ya toshe jijiya, wurin da take shayarwa ya mutu, irin na Baba ke nan, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa. A Turai da Amurka fashewa ba ta cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. A wajenmu lamarin ya sha bamban, kuma mun san haka ne daga wani bincike mai suna SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan. Sakamakon da aka buga a 2018 ya ƙunshi majinyata 2,118, kowannensu an haɗa shi da wani mai lafiya, tsaransa kuma jinsinsa, don a ga me ya bambanta su. Kashi 68 cikin 100 toshewa ce, kashi 32 fashewa. Matsakaicin shekarun majinyatan 59 ne, kusan na Baba daidai, kuma kusan ɗaya cikin huɗu bai kai shekara 50 ba. A cikin waɗannan masu ƙarancin shekarun, sama da rabi fashewar jijiya ce ta same su. Wato ciwon yana kama mutanenmu ne suna tsakiyar neman abinci, da 'ya'ya a makaranta.

Abin da ya fi komai fitowa fili a binciken shi ne hawan jini. Damar samun ciwon ga mai hawan jini ta ninka ta wanda ba shi da shi kusan sau 19, kuma masu binciken sun ƙiyasta cewa wajen kashi 90 cikin 100 na ciwon a yankinmu yana da hannun hawan jini a ciki. Sauran abubuwa goma da suka lissafa sun haɗa da yawan kitse a jini, ciwon suga, teɓa, ciwon zuciya, shan taba, rashin motsa jiki, damuwa, ƙara gishiri a abinci bayan an zuba, yawan cin nama, da ƙarancin cin ganye. A nan akwai buƙatar hattara wajen karanta sakamakon. Irin wannan bincike yana nuna abubuwan da ke tafiya tare ne, ba ya tabbatar da cewa wannan ne ya haifar da wancan. Wanda ke cin tsire da balangu kullum mai yiwuwa shi ne kuma mai zama a shago daga safe zuwa magariba, mai shan lemon kwalba, mai teɓa. Don haka ban ga dalilin haramta wa Baba nama gaba ɗaya ba, a rage dai. Hawan jini kuwa ba shi da wannan shakkar, domin an gwada rage shi kai tsaye a gwaje-gwaje masu yawa, kuma idan aka haɗa su, duk ragin maki 10 a lambar sama ta awon jini yana rage haɗarin shanyewar jiki da wajen kashi 27 cikin 100.

Gishiri ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne gidaje da yawa suke yaudarar kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da duk wanda ke ɓoye cikin abinci. Uwargida za ta ce ta daina sa wa Alhaji gishiri, alhali ta marmasa magi huɗu a miya, shi kuwa dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Ga yajin tsire, ga kilishi, ga garin ɗanɗanon da ke cikin ledar taliyar yara, ga burodi. Kanwa ma 'yar gidan su gishiri ce, sinadarin da ke tayar da jini a gishiri yana cikinta, saboda haka ɗanwake da kunun kanwa suna shiga lissafi. Dabarar da ta fi aiki ita ce a rage wa tukunyar gida duka, sannu a hankali, maimakon a ware wa Baba nasa lami kowa na cin mai daɗi a gabansa. Harshe yakan saba cikin 'yan makonni. Daddawa, tafarnuwa, citta, albasa da attaruhu suna cike gurbin. A ƙara zogale, rama, alayyahu, yakuwa da kabeji, a bar lemon kwalba sai in an yi baƙi. Akwai wani gishiri da ake maye kashi ɗaya cikin huɗunsa da sinadarin fotasiyam, wanda gwajin da aka yi a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, aka fitar a 2021, ya nuna ya rage shanyewar jiki da kashi 14 cikin 100. Amma mai ciwon ƙoda bai kamata ya taɓa shi ba, haka mai shan wasu magungunan hawan jini, sai an tambayi likita.

Game da magungunan Baba, mai toshewar jijiya yawanci ana sallamarsa da abu uku: maganin hawan jini, maganin hana jini dunƙulewa irin su asfirin ƙarami mai miligiram 75 ko kulofidogirel, da maganin rage kitse irin su atobastatin. Burin da ake nema shi ne jini ya zauna ƙasa da 130/80. Da wuya ƙwaya ɗaya ta kai wanda ya taɓa yin 210 wannan matsayi, don haka idan an ba shi biyu ko uku ba alamar ciwon ya tsananta ba ne. Gwajin CREOLE da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, aka buga a 2019, ya nuna haɗin da ke ɗauke da amlodifin ya fi sauke jinin baƙar fata a kan haɗin da babu shi. Amlodifin yakan kumbura ƙafa, lisinofiril da danginsa sukan kawo busasshen tari, mai sa fitsari kuma yakan takura ɗan kasuwa a shago. Duk waɗannan dalilin komawa wajen likita ne a canza, ba dalilin dainawa ba. Idan azumi ya zo, yawancinsu sau ɗaya ake sha a yini, ana iya mai da su sahur ko buɗa-baki, amma mai ciwon suga kada ya tsara wannan da kansa. A tabbatar kuma an yi masa gwajin suga, na kitse, na ƙoda, da awon bugun zuciya. Na ƙarshen yana da muhimmanci, domin akwai wata rikicewar bugun zuciya da ke tara gudan jini a cikinta ya tafi ƙwaƙwalwa, tana ninka haɗarin sau biyar, kuma asfirin bai isar mata ba, sai magani irin su wafarin.

Akwai kuma abubuwan da ke lalata aikin maganin ta bayan fage. Magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis barkatai, irin su diklofenak, ibufurofen da firoksikam, suna tayar da jini, suna cin ƙoda, kuma idan suka haɗu da asfirin suna iya huda ciki. Idan Baba na jin ciwo, farasitamol ya fi aminci. Haɗe-haɗen ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda, da magungunan ƙara ƙiba masu ɗauke da deksametazon, su ma suna tayar da jini da suga. Taba da shisha kuwa babu batun ragewa, bari ake yi.

Yanzu kai. Ba a gadon shanyewar jiki kamar yadda ake gadon sikila, amma ana gadon ƙasar da take tsirowa a kai: hawan jini, ciwon suga da yawan kitse suna bin dangi, ga kuma tukunya ɗaya da ake ci. Wanda mahaifinsa ya samu ciwon kafin shekara 65 haɗarinsa ya fi na sauran mutane. Don haka kai da 'yan'uwanka duka, maza da mata, ku auna jininku a wannan makon, kada ku jira ciwon kai. Na'urar awo ta damtse ta fi ta wuyan hannu inganci. A zauna minti biyar a kujera mai jingina, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a ɗore a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. Kada a ci goro, a sha shayi ko taba rabin awa kafin awon, kuma a yi fitsari tukuna. Idan damtse ya yi kauri, ƙaramin maɗauri zai ba da lamba sama da gaskiya, a nemi babba. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da yamma, har kwana bakwai, a watsar da na ranar farko a ɗauki matsakaicin sauran. Idan awon gida ya kai 135/85, ko na asibiti 140/90, a ga likita. Matan gidan da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa su gaya wa ma'aikaciyar lafiya idan suna da hawan jini ko ciwon ɓarin kai mai zuwa da walƙiya a ido, domin akwai nau'in da bai dace da su ba. Wadda jininta ya taɓa hawa lokacin goyon ciki ta ci gaba da awo ko bayan ta yaye.

Ya kamata kowa a gidan, har yara masu wayo, ya san abin da zai yi idan ciwon ya sake zuwa. A ce wa mutum ya yi murmushi, ya ɗaga hannu biyu, ya faɗi jimla guda. Idan baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya zube, ko magana ta sarƙe, a duba agogo a riƙe lokacin, a kama hanyar babban asibiti irin Asibitin Malam ko na Murtala, ba kemis ba, ba gidan mai magani ba. Haka idan gani ya ɗauke farat ɗaya, ko tafiya ta gagara, ko aka ji ciwon kan da ba a taɓa jin irinsa ba. An ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa wajen miliyan 1.9 ke mutuwa kowane minti, allurar narkar da gudan jini kuma yawanci ba a yin ta bayan awa huɗu da rabi daga fara ciwon. Ko inda allurar ba ta samuwa, zuwa da wuri yana ceton rai, domin ana daidaita suga, zazzaɓi da numfashi. Wani lokaci ma ba shanyewa ba ce, suga ne ya faɗi ƙasa, musamman ga tsofaffi masu shan maganin suga mai suna gilibenkilamaid, kuma gwajin minti ɗaya a yatsa zai nuna.

Kurakuran sa'ar farko su suka fi ba ni takaici, domin duk da kyakkyawar niyya ake yin su. Ana ɗura wa majinyaci ruwa, rubutu ko kunu, alhali kusan rabin masu wannan ciwo maƙogwaronsu ba ya haɗiya daidai a kwanakin farko. Abin ya zarce huhu, bayan kwana biyu zazzaɓi da ciwon huhu su taso, kuma wannan na daga cikin manyan abubuwan da ke kashe su. Kada a sa komai a baki sai an gwada haɗiyarsa a asibiti. Ana ba shi asfirin a gida, alhali ba mai iya bambance toshewa da fashewa da ido, sai hoto, kuma a wajenmu ɗaya cikin uku fashewa ce, asfirin zai ƙara zubar jinin. Ana sa masa ƙwayar sauke jini a ƙarƙashin harshe don an ga 200, jinin ya faɗi warwas, wurin da ke rayuwa da ɗan ragowar jini ya ƙarasa mutuwa. A asibiti ma, ga mai toshewa da ba a yi wa allurar narkarwa ba, yawanci ba a gaggawar sauke jini a ranar farko sai ya haura 220/120. Saƙon nan da ke yawo a WhatsApp na a tsira wa mutum allura a yatsu ba shi da tushe ko kaɗan. A kwantar da shi a gefe, a sassauta masa wuyan riga, a ɗauki ledar magungunansa a tafi. Idan alamun suka zo suka wuce cikin 'yan mintuna, kada a ce an tsira, a je a ranar, domin babbar takan biyo baya ne a kwanakin farko.

Jinyar gida a yanzu ita ce za ta yanke yawan abin da Baba zai dawo da shi. Sauƙi ya fi sauri a wata uku na farko, yana ci gaba a hankali har wata shida da bayansa, saboda haka waɗannan makonnin ba na kwanciya ba ne. A riƙa kai shi sashen gashi, a kuma maimaita abin da aka koya masa a gida sau da yawa a yini, kaɗan-kaɗan. Kada a ɗaga shi ta hanyar jan hannun da ya shanye, kafaɗar ba ta da tsokar da za ta riƙe ta, za ta goce ta bar shi da ciwo mai naci. A tallafe shi ta ƙugu, in yana zaune a ɗora hannun a kan matashi. Idan bai iya juyawa da kansa, a juya shi duk bayan awa biyu don gudun gyambon kwanciya. Ya ci abinci a zaune tsaf, ya ƙara rabin awa kafin ya kwanta, in kuma yana ƙwarewa ko muryarsa na canzawa bayan ya sha ruwa a sanar da likita. A bar shi ya yi abin da zai iya ko da zai ɓata lokaci, tausayin da ke sa a yi masa komai yana kashe hannun. Hankalinsa yana nan ko da kalma ta ƙi fita, don haka a yi masa magana kamar maigida, da gajerun jimloli, mutum ɗaya a lokaci guda, a ba shi lokacin amsawa. Wajen ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo suna faɗawa cikin baƙin ciki mai tsanani, wanda yake da magani; idan ya daina cin abinci, ya ƙi gashi, yana yawan kuka, a faɗa wa likita. Wasu kuma tabon da ya rage a ƙwaƙwalwa yakan jawo musu farfaɗiya bayan watanni, ita ma ana shawo kanta da ƙwaya.

Batun yarinyar gaskiya aka gaya maka, kuma a kan wannan batu Kano tana da abin faɗa wa duniya. Idan ba a yi rigakafi ba, wajen kashi 11 cikin 100 na masu sikila nau'in SS suna samun shanyewar jiki kafin shekara 20, kuma haɗarin ya fi yawa a ƙuruciya, daidai shekarunta. Ana gano wanda ke cikin haɗari da wani gwaji da ma'aikata ke kira ti-si-di: ana ɗora ƙaramar na'ura a gefen kai, kusa da kunne, ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba allura, ba ciwo. Inda jijiya ta tsuke jini yakan ƙara gudu, kamar ruwa a matsattsen kwata. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, haɗarin yaron ya kai wajen kashi 10 cikin 100 kowace shekara. Gwajin STOP da aka fitar a Amurka a 1998 ya nuna ƙarin jini duk wata yana rage wannan haɗari da kashi 92, sai dai ƙarin jini duk wata na shekaru abu ne da 'yan gidaje kaɗan za su iya a nan. Wannan ya sa likitocin Kano da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a madadinsa. A gwajin SPRING, wanda aka yi a Asibitin Malam, Asibitin Murtala da Asibitin Barau Dikko na Kaduna, aka buga a 2022, an raba yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 gida biyu, wasu na shan miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu a yini, wasu 20. Yara uku ne suka samu ciwon a rukunin farko, biyar a na biyu, wato tsakanin 1 zuwa 2 cikin 100 a shekara maimakon 10, kuma masu shan 20 sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti.

Don haka ka ce wa yayanka ya kai ta asibitin masu sikila ya nemi a yi mata wannan gwajin da sunansa. Ana yin sa sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16, in kuma lambar ta faɗo tsakanin 170 da 199 ana maimaitawa kafin shekara ta zagayo. Haidiroksiyuriya ba maganin saye a kemis ba ce, likita ne ke lissafa ta da nauyin yaro, ana kuma bin ta da gwajin jini lokaci-lokaci domin tana iya rage ƙwayoyin jini. Idan wata rana yarinyar ta fara jan ƙafa, ko cokali na faɗuwa daga hannunta, ko maganarta ta canza, ko da babu ciwo ko zazzaɓi, a kai ta asibiti a take a faɗa musu tana da sikila, domin nata maganin gaggawar ƙarin jini ne.